Shekarar da Na Gina Tudu da Bakina

Ku 'yan ajinmu da ƙannenku, ku matso kusa. Tun da aka kawo wa makarantarmu kwamfuta uku, biyu ba sa tashi, ɗayar kuma sai ana yi mata fifita, kowa ya zama injiniya. Shekaranjiya wani a cikinku ya dube ni ya ce wai awon ƙasa ya daina zama sana'a. Wai yanzu mutum yana kwance a kan tabarma zai latsa waya, taswira ta nuna masa tudu da gangare da duk inda ruwa yake bi. To, ni Habu shekarata goma sha bakwai, biyar daga ciki a bakin aikin nan na yi su. In aka haɗa da ranar da ta dafa mini ƙeya, na ba sittin baya. Saboda haka ina da hurumin in kira ku yaran zamani, kuma na kira.

Maigidana a sana'a shi ne Kawu Iro, yayan Innata Hajara, wanda mutanen Bagwai suke ce wa Iro Safiyo, wato mai awon ƙasa. Ya yi aikin awo a gwamnati har ya yi ritaya, ya dawo gida da akwatin katako ɗaya, gashin kai kuwa ko ɗaya babu. Ba filin gado ko na sayarwa yake aunawa ba, shi hanyar ruwa ce aikinsa. In za a sa kwalbati, ko a tare zaizaya, ko a yi ɗan madatsi a ƙauye, sai a zo a tambaye shi: ruwan da zai sauka a gonakin nan, ina zai taru, ta ina zai fita? Ƙasarmu kuwa kun san ta. A shimfiɗe take kamar faifai, gona tana jingine da gona, babu dutse babu tsauni. A irin wannan ƙasa, tsayin tafin hannu ɗaya ne yake raba wanda zai girbe gero da wanda zai girbe kwaɗi.

Ranar da Inna ta kai ni wurinsa, ba don ta hango wata basira a tare da ni ba ne. Na gaya wa maƙwabta akuyarmu ta haifi 'ya'ya bakwai, mata suka yi ta tururuwa zuwa kallo, suka tarar da biyu. Inna ta riƙe kunnena tun daga ƙauyenmu har Bagwai.

Ta ce, "Yaya, ga shi nan. Ka kai shi inda babu mai jin sa."

Kawu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yana iya tsayuwa?"

"Ƙafarsa tana tsayawa. Bakin ne ba ya tsayawa."

Ya ce, "Ba komai. Baki ba ya cikin awo."

Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Aikina na farko a bakin wani kwari ne da ke cin gonakin mutane a bayan wata firamare. Kawu ya kafa ƙafa-uku, ya ɗora madubin awo a kai, ya yi ta murɗa ƙusoshinsa har 'yar kumfar da ke cikin gilashi ta zauna a tsakiya. Sannan ya miƙo mini sandar awo, doguwa mai zanen baƙi da ja da lambobi, ya ce in je can. Can ɗin nan kuwa, ni na ɗauka Katsina ya aike ni. Aikin mai sanda shi ne ya dasa ta a ƙasa, ya tsaya a bayanta, ya riƙa rausaya ta gaba da baya a hankali. Mai madubi sai ya ɗauki lamba mafi ƙanƙanta, don a nan ne sandar ta miƙe sosai. Kawu ba ya ƙwala kira, da hula yake magana. In ya ɗaga ta, matsa gaba. In ya kaɗa ta, ka karkace. In ya jefar da ita ƙasa, fara shirya abin da za ka gaya wa Inna. Ran nan cinnaku suka hau ƙafata, dubu arba'in ne cif, na ƙirga su. Na daka tsalle, hula ta sha ƙasa. Da na dawo ya ce, "Gobe in cinnaka ya cije ka, ka ce masa ya jira a gama karatu."

Madubin nan Amarya muke ce masa, don ba ya taka ƙasa, ba ya shan rana sai da lema, kuma in za a hau babur a cinyar Kawu yake zama, ni kuwa a baya tare da fegin sa alama da guduma. Shekara biyu ina aiki kafin a yarda in goge masa ƙura. Sai littafin awo, mai fensir ɗaure da zare. Ba a rubutu da biro, kuma ba a gogewa. In ka yi kuskure, ja layi ɗaya a kai ka rubuta daidai a gefe, don na bayanka ya ga inda ka faɗi da inda ka tashi. Akwai kuma tiyo, doguwar roba mai haske, wadda muke cika wa ruwan zoɓo don a riƙa ganin bakin ruwan. Da ita muke nuna wa manoma yadda za su ja kunya a gicciyen gangare, ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya gudu da takinsu. Sau ɗaya ƙishirwa ta sa na shanye rabin kayan aikin. Ba zan faɗi abin da ya biyo baya ba.

Wani aiki da ba na mantawa na wani Alhaji ne mai sayen hatsi a Dawanau. Ya gina sito a ƙauyensu, kowace damina ruwa ya shiga ya yi wa buhunan wake sallama. Ya kira Kawu ya ce a haƙa masa lambatu ya kai ruwan arewa, don kudu gonar surukinsa ce, ba ya son magana. Muka wuni muna awo. Kawu ya rufe littafi ya ce, "Alhaji, arewa ta fi ƙofar sitonka tudu da kusan gwiwa."

"To a lallaɓa mana, Malam Iro."

"Ni zan lallaɓu, Alhaji. Ruwan ne bai san Alhaji ba."

Da surukin aka zauna a ƙarshe. Haka masu kiranmu suke: rabinsu so suke a auna ƙasa, rabinsu so suke a auna maƙwabci a same shi da laifi. Wata tsohuwa katangarta na faɗuwa duk shekara, ta rantse maƙwabcinta ne yake turo mata ruwa da gangan. Awo ya nuna jujinta ne ya tare hanyar. Ta ba mu ƙwan zabi goma sha biyu, ta ce kada mu gaya wa kowa. Ban gaya wa kowa ba, sai ku.

A shekarata ta uku ne taswirar kwamfuta ta iso mu, a hannun Injiniya Bilkisu. Matashiya ce, a Rijiyar Zaki take zaune, tana aiki da wani ofis mai yi wa ƙauyuka ƙananan madatsai. Ita ta fara zaunar da ni ta yi mini bayani. Tauraron ɗan'adam ne ya bi ta sama yana auna tsayin ƙasa. Ya yanka ta gida-gida kamar gurbin dara, kowane gida mita talatin tsawo da faɗi, ya ba kowane gida lamba ɗaya tak. Sai kwamfuta ta zuba ruwan ƙarya a kai, ta ga inda zai gangara, ta zana shuɗin layi. Abin da ni da Kawu za mu yi wata uku muna takawa, ita kafin shayi ya huce ta gama. Na ce a raina, shi ke nan, Amarya ta zama bazawara.

Amma da muka ɗauki taswirar muka shiga gonaki, sai aka fara ganin abin dariya. Ta nuna wani tudu a yammacin wani ƙauye, muka je muka tarar da lambun mangwaro. Ashe abin da ke sama kan bishiya ya taɓa, ya ɗauka ƙasa ce. Sannan kwamfutar tana da wata ɗabi'a: duk ramin da ta gani babu mafita, sai ta ce kuskure ne, ta cike shi da kanta. Mu kuwa kowane ƙauye da kududdufinsa, inda kakanni suka ɗebi ƙasar gini, kuma nan ruwan unguwa yake kwana. Ta cike su duka, ko sannu ba ta yi wa kwaɗin ciki ba. Burtali kuwa, hanyar shanun nan da ke ratsa gonaki tsakanin shinge biyu, faɗinsa bai fi taku shida ba, ina zai fito a gidan mita talatin?

Kawu bai raina ta ba, kada ku ce na ce. Ya daɗe yana kallon ta da gilashinsa a kan hanci, ya ce, "Injiniya, abin nan ya san inda ruwan ƙasar nan gaba ɗaya ya dosa, ya ma fi ni sani. In babban dam za a yi, a bi shi. Abin da bai sani ba shi ne ta ƙofar wa ruwan zai bi." Ita ma ta yarda. Tun daga nan suka raba aiki: ita ta kawo na sama, shi ya duba mata da na ƙasa. Shekara guda muka yi a haka, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamar lokacin ba. Motar ofis, burodi da lemo, manoma suna ce mini ƙaramin injiniya, ni kuwa ina amsawa da ƙyar, kamar an dame ni.

Sai muguwar shekara ta zo. Kowane mai sana'a yana da tasa. Ta wasu fari ne, ta wasu gobara. Tawa ni na haɗa ta da kaina.

Layi ya zo kan ƙauyenmu, za a yi mana madatsi don noman rani. Kawu ya riga ya auna wurin tun da bazara. Ya rubuta cewa ruwan gonakin arewa duka Burtalin Tsamiya yake faɗawa, don kofaton shanu ya cinye shi shekara da shekaru har ya zama rami, in babban mutum ya shiga sai ƙirjinsa. Daga nan ruwan yake gangarawa fadama. Don haka a ƙasan bakin burtalin ya kamata a yi madatsin. Injiniya ta san taswirar tauraro ba za ta ga burtali ba, sai ta ce za ta turo ɗan ƙaramin jirgin nan marar matuƙi bayan an gama girbi. Shi yana tashi ƙasa-ƙasa, ko ƙwarya aka kifa a gona zai auna tsayinta.

A makon da jirgin zai zo ne aka yi wa Kawu aikin yanar ido a birni, ya zauna gidan 'yarsa yana jinya. Kafin ya tafi ya ba ni saƙo zuwa ga mai unguwarmu. Saƙon gajere ne: ranar Laraba jirgi zai zo ɗaukar hoto, kada kowa ya tsorata, kada yara su harbe shi da danƙo. Shi ke nan.

To, ku gaya mini, wane ɗan halak ne zai ɗauki saƙo ƙanƙane haka ya kai shi tsirara? Na tarar da mai unguwa a ƙofar gida da dattawa, na durƙusa na gaishe su, na isar. Babu wanda ya ko ɗaga kai. Sai na ɗan sa gishiri.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hoton fa har teburin gwamna za a kai shi."

Kawuna suka ɗago.

"Kuma an ce gona-gona za a duba. Duk ƙauyen da aka ga gonakinsa da tarkace, an san ba su shirya karɓar madatsi ba, sai a kai wa na gaba."

Mai unguwa ya gyara zama ya ce, "Kai Habu, Malam Iro ne ya faɗi haka?"

Na ce, "Ai jirgin nan, ranka ya daɗe, ko ƙwarƙwata ce a kan mutum sai ya gan ta."

Kun dai ji, ban ce Kawu ne ya faɗa ba. Ban kuma ce ba shi ba ne.

Kun san mutanenmu da baƙo. Ko mai duba allurar rigakafi ne zai zo, sai an share ƙofar gida an yayyafa ruwa. Washegari aka yi shelar gayya. Lokacin an gama yankan dawa, kara yana ko'ina a gonaki, wani a zube, wani a jingine. Kara kuwa dukiya ne, ba a ƙona shi: shi ne danga, shi ne makamashi, shi ne abincin dabba. Ba za a iya kwashe shi zuwa gida a kwana uku ba. Sai wani dattijo mai hikima ya ce a zuba shi a Burtalin Tsamiya, tunda rami ne, ga shinge hagu da dama, kuma shanu ba su dawo ba tukuna. Maza, mata, yara, jakuna, kowa ya fito. Aka cika burtalin, aka ɗora, aka ƙara ɗorawa har ya wuce shinge. Aka bar 'yar kafa ɗaya a tsakiya don masu zuwa rijiya. Ni da kaina na hau can ƙololuwa kusa da tsamiya ina karɓar dami ina waƙa. Gonakinmu suka yi fes, ko farfajiyar masallacin Juma'a albarka.

Laraba wani saurayi ya zo da jirgin a jaka. Ya tashe shi daga filin makaranta, ya yi ta shawagi yana kuka kamar sauron da ya ƙoshi, mutane sanye da kayan sallah suna ɗaga masa hannu. Kafin la'asar ya tafi. Kwana biyu bayan haka kowa ya je ya kwashe karansa, aka yi rigima bakwai a kan dami, burtali ya koma raminsa. Na manta da zancen.

Bayan wata biyu aka kira Kawu ofis, na raka shi ina riƙe da littafi. Wani babba mai ƙaton agogo ya juyo mana da allon kwamfuta. Ga ƙauyenmu nan da launi-launi, kore gangare, ja tudu. A tsakiyar gonakin arewa wani jan tudu ya miƙe siriri kamar maciji, ya raba ruwa biyu, ya tura mafi yawansa gabas, zuwa wani kwari da ba ya tara ko ruwan wankin hannu.

Mai agogo ya ce, "Baba, a nan littafinka ya ce rami. Jirgi ya ce tudu. Bambancin ya fi tsayin mutum."

Kawu ya ce, "Burtali ne. Na san shi tun ba a haifi wanda ya ƙera jirgin ba. A zo a gani."

"Baba, lokaci ya ƙure, katafila za ta shiga kafin damina. A hoto ma ga shi nan fari, kamar hanyar da aka yi wa ciko." Sannan ya sassauta murya. "An ce da bazara, lokacin da ka yi awon, idon yana damun ka ko?"

Injiniya Bilkisu ta sunkuyar da kai. Kawu ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin riga.

Ni kuwa tun kallon farko na gane tudun. Ga 'yar kafar masu zuwa rijiya a tsakiya. Ga ƙololuwar kusa da tsamiya, ja wur, inda na tsaya ina waƙa. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa tudu ta haifa, har da launi. Bakin nan nawa da bai taɓa rufuwa ba tun ranar suna, ran nan ya rufe kamar an sa masa kwaɗo.

Da muka koma Bagwai, Kawu ya goge Amarya, ya sa ta a akwati, ya tura ƙarƙashin gado. Ya ce, "Rami dai na san rami ne. Amma mai awo ba shi da komai sai lambarsa. In an ce lambar Iro ta fara ƙarya, duk kwalbatin da na taɓa sawa sai an koma ana harararsa." Kafin mako ya zagayo maganar ta kai kasuwa. Wani mai gona da ya yi alkawarin kiran mu ya aiko cewa ya fasa. Masu shayi suna cewa ido ya tafi, jirgi ya kama Iro Safiyo. Ni ina ji, ina lissafin bulalar mai unguwa da ta Inna da ta duk wanda ya ɗauki dami kwana uku a banza. Na ƙirga mutum ɗari huɗu, ban da jakuna.

Ranar kafa fegin madatsi, Injiniya ta zo da mutanenta kai tsaye zuwa kwarin gabas, tafiyar rabin awa daga burtali. Mai unguwa da dattawa suna zaune a inuwar ɗorawa. Kawu ma ya zo, don an gayyace shi saboda girmamawa, ya zauna a gefe hannu babu komai. Ban taɓa ganin sa a bakin aiki babu littafi ba. Aka miƙo mini guduma da fegin farko, aka ce ƙaramin injiniya ya sa albarka.

Na ɗaga guduma. Na sauke ta a hankali.

Na ce, "Anti, tudun nan na cikin kwamfuta, in kara ne fa?"

Ta ce, "Wane irin kara?"

"Karan dawa. Na garin nan duka."

Na faɗi komai, tun daga teburin gwamna har ƙwarƙwata. Karo na farko a rayuwata na ba da labari ban ƙara masa ko ƙwayar gero ba, don shi kansa ya ishi kansa. Sai mai unguwa ya miƙe, rawaninsa na rawa.

"Kai! Kai ɗan gidan Hajara! Wato gwamna bai ga gonata ba?"

"Bai gani ba, ranka ya daɗe."

"Na share ta har da tsintsiya! Bayana bai miƙe ba har yau!"

Wani dattijo ya ce, "Ni jakina tun ranar ba ya gaishe ni."

Injiniya ta yi ƙoƙarin daurewa, ta kasa. Ta zauna a kan tushen ɗorawa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna girgiza. Da ta samu numfashi ta share ido, ta je gaban Kawu ta durƙusa. Ta ce, "Baba, ka ce a zo a gani, ba mu zo ba. Wannan laifin ba na Habu ba ne, namu ne. Ina madubin?"

Aka tura mai babur Bagwai ya ɗauko akwatin, Kawu yana ta jaddada masa a cinya za a riƙe. Muka ɗunguma zuwa burtali, gari guda a bayanmu. Na shiga ramin da sanda, ya shanye ni har wuya. Kawu ya kafa Amarya, ya leƙa, ya faɗi lamba. Injiniya ta leƙa, ta faɗi tata. Aka buɗe littafin bazara. Wuri goma muka gwada, babu inda suka saɓa da abin da ya wuce kaurin yatsa. A na goman ta ɗago ta ce da ƙarfi, don na bayan shinge su ji, "Lambar Baba daidai take." Kawu ya rufe littafi, ya yafito ni da hula.

Ya ce, "Na taɓa ce wa uwarka baki ba ya cikin awo."

"Haka ne, Kawu."

"Na janye."

Ba a doke ni ba, da ma an doke ni. Mai unguwa ya yanke cewa in bi gari gida-gida in isar da saƙon Kawu na asali, yadda aka ba ni shi, wata uku bayan jirgin ya zo ya tafi. Ɗansa yana biye da ni da tsumagiya ko zan ƙara wani abu. Sallama, jirgi zai zo, kada a tsorata, kada a harbe shi da danƙo, na bar ku lafiya. Gida tamanin da uku. A cikin duk wahalar sana'ar nan, da rana da cinnaku da ƙaya, babu wadda ta kai wannan.

An yi madatsin a ƙasan bakin burtali, aka bar wa shanu hanyarsu da mashaya. Tumatirin da kuke sata a hanyar makaranta, ruwansa kuke ci. Injiniya kuwa har yau ba ta karɓar taswira, ta tauraro ce ko ta jirgi, sai ta tambayi abu biyu: wane wata aka ɗauke ta, kuma me ke kan ƙasa ran nan? Sannan ta sa a taka a gwada wurare da sanda. In ƙauye za ta aika saƙo, a rubuce take aikawa.

Bara idanun Kawu suka raunana, wannan karon da gaske, lambobi suka daina tsaya masa. Amma da mutuncinsa ya ajiye madubi, babu mai shayin da ya isa ya ce uffan. Motar ofis da burodi sun yi sauƙi yanzu, mun koma babur da ƙananan ayyuka, kuma Amarya a cinyata take zama. Na ɗauka Kawu zai zauna a gida. Ranar aikinmu na farko sai na ga ya riga ni ɗaukar sanda. Ya ce ita ba ta bukatar ido, tsayuwa take so, kuma tafin ƙafarsa ya fi kowane jirgi sanin inda ƙasa ta karya.

Don haka in kun bi ta gonakin arewa ranar Asabar, za ku ga tsoho mai sanƙo can nesa yana rausaya sanda gaba da baya, ni kuma ina leƙe. Hula ba ta da amfani yanzu tunda ba ya ganin ta, sai dai in ƙwala masa lambar da baki, aikin da aka halicce ni dominsa. Kuma duk lambar da na faɗa, sai na ji muryarsa ta ratso gonaki:

"Haka ka gani, ko haka ka ga ya fi daɗi?"

Sai in sake leƙawa.